IDAN SABUWAR KWAMFUTA TA ƘI MAGANA A KUNNE

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka cire Jihar Taraba daga cikin tsohuwar Jihar Gongola aka mai da Jalingo hedkwatarta, garin yake ta bunƙasa, kasuwarsa kuma tana bunƙasa tare da shi. Ban da masu doya da hatsi da busasshen kifi, a yau cikin Kasuwar Jalingo da kewayenta akwai rumfunan masu gyaran waya, da masu buga takardu, da masu tura karatu da wa'azi da waƙoƙi cikin wayoyin jama'a. Buɗe Jami'ar Jihar Taraba a 2008, da kuma mayar da jarrabawar JAMB kan kwamfuta ɗungum a 2015, sun ƙara sa matasa sun dukufa ga wannan na'ura.

Da yake sabuwar kwamfuta dal tana da tsada, da yawa daga cikin waɗannan matasa sukan sayi sassanta ɗai-ɗai, waɗanda 'yan kasuwa ke kawowa daga Ikeja ta Legas ko daga Kano, su harhaɗa da hannunsu. Wannan abin yabo ne ƙwarai, gama wanda ya haɗa abu da kansa ya fi kowa sanin cikinsa. Sai dai akwai wani kuka guda da ake yawan ji a rumfunan nan: an gama haɗi, na'ura ta tashi, hoto ya fito sarai, amma da aka soka lasifikar kunne, wadda 'yan kasuwa ke kira iyafis ko hedfon, sai aka ji tsit.

A ɗauki misalin saurayin da ya tara kuɗin sana'arsa na wata da watanni, ya haɗa kwamfutar turi. Aikinsa ba ya yiwuwa sai da iyafis, domin tilas ne ya saurari abin da zai tura wa mai saye, ga shi kuwa hayaniyar kasuwa ba ta barin a ji ƙaramar lasifika. Da ya ji shiru, abin da yakan fara zuwa zuciyarsa shi ne an cuce shi. Sai ya kwance babban farantin na'urar, wanda masu gyara ke kira modabod, ya koma wurin wanda ya sayar masa da faɗa. Mai shago ya ce lafiya lau ya ba da kayansa, saurayi ya ce atafau matacce ne. A yi ta musu har maƙwabta su taru. A ƙarshe ko dai ya sayi wani farantin, ko kuwa zumuncin shekaru ya ɓaci. Alhali kuwa mafi yawan lokaci farantin bai yi laifin kome ba. Wata 'yar waya ce aka manta ba a soka ba, ko kuwa sautin ne ya bi wata hanya dabam.

Hanyar da sauti yake bi

Kafin mutum ya taɓa sukuddireba, ya kamata ya san cewa sauti tafiya yake yi, yana kuma da zango-zango kamar fatake. Yakan taso daga manhajar da ke kunna karatun ko waƙar. Daga nan ya shiga hannun babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wadda a yawancin rumfuna Windows ce, ita ce kuma mai zaɓar ƙofar da zai fita. Sa'an nan ya bi ta wata ƙaramar manhaja mai suna direba, wadda take tafinta tsakanin Windows da ƙarfen na'ura. Daga direba sai wani ɗan ƙaramin baƙin guntu da ke manne a kusurwar faranti, wanda aikinsa shi ne juya lambobi su zama motsin lantarki. Galibin waɗannan guntaye kamfanin Realtek na ƙasar Taiwan ne ke ƙera su. Daga nan sai waya, sai ramin da ake soka iyafis, sai kunne.

Duk inda aka tare hanya a cikin waɗannan zanguna, shirun iri ɗaya ne, kunne ba ya iya bambanta su. Saboda haka dabarar ita ce a bi sawu daga kunne zuwa ciki, a fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Kuma a riƙa canza abu ɗaya tak kafin kowane gwaji. Wanda ya sake waya da direba da iyafis a lokaci guda, ko da sauti ya dawo, bai san abin da ya warkar ba, gobe in ciwon ya komo sai ya sake lalube cikin duhu.

A fara da iyafis ɗin kansa

Gwajin farko shi ne a soka iyafis ɗin a rediyo ko a wata waya mai rami, a ji ko yana da rai. A murza wayarsa a hankali kusa da bakin ƙarfen da kuma kusa da kunne, gama nan ne takan karye ta ciki alhali fatarta na nan garau. In sauti yana zuwa yana ɗaukewa sa'ad da ake murzawa, an kama ɓarawo, babu sauran bincike. In babu rediyo a kusa, ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 1.5 ya isa: a taɓa gindin bakin ƙarfen da ɗaya gefen batir, a taɓa tsininsa da 'yar waya daga ɗaya gefen, mai rai zai yi ƙas-ƙas.

Sa'an nan a dubi bakin ƙarfen da kyau, domin a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Kaurinsa milimita 3.5 ne, shi ne kuma irin wanda ya bazu a duniya tare da ƙananan rediyoyi da rakodar aljihu ta Walkman da kamfanin Sony ya fitar a 1979. Amma iri biyu ne. Akwai mai zobe biyu, watau gaɓa uku: kunnen hagu, da kunnen dama, da hanyar komawar lantarki wadda duka biyun suke tarayya a kanta. Akwai kuma mai zobe uku, gaɓa huɗu, wanda aka yi domin wayar hannu, aka ƙara masa gaɓar makirfo. Ramin kwamfutar tebur kuwa galibi na mai gaɓa uku ne. In aka soka masa mai gaɓa huɗu, sau da yawa a kan dace a ji sauti, makirfon ne kawai ba zai yi aiki ba. Wani lokaci kuma harshen da ke cikin ramin yakan sauka a kan gaɓar da ba tasa ba, hanyar komawa ta yanke.

Alamar wannan ba ta ɓuya ga wanda ya taɓa jin ta. Kiɗa yakan fito siriri, muryar mai magana kuwa ta yi nisa kamar daga cikin rijiya, ko ta ɓace sam. Dalili shi ne, in hanyar komawa ta yanke, kunnuwan biyu ba sa samun kome sai bambancin da ke tsakanin hagu da dama. Murya kuwa daidai wa daida ake raba ta tsakanin kunnuwan, saboda haka sai ta share kanta. Mai turin wa'azi ko karatu, wanda kayansa duk murya ne, shi ya fi kowa shan wannan wahala, har yakan zaci faifan ne ya lalace. Ƙari a kan haka, masu gaɓa huɗun ma ba tsari ɗaya gare su ba. Tsofaffin wayoyin Nokia da wasu ire-irensu sun bi tsarin OMTP, na yanzu kuwa suna bin CTIA, bambancinsu shi ne an musanya gurbin makirfo da na hanyar komawa. Maganin duk wannan wata 'yar waya ce mai rassa biyu, wadda ke raba baki ɗaya zuwa na kunne da na makirfo. Kafin a biya kuɗinta a gwada ta a gaban mai shago.

Gaba ko baya

Akwatin kwamfuta yana da ramukan sauti a wuri biyu. Na baya a jikin faranti suke, an like su da dalma tun daga masana'anta. Na gaba kuwa na akwatin ne, ba su da wata alaƙa da faranti sai wadda mai haɗi ya ƙulla da hannunsa. Wajen ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Intel da Microsoft suka daidaita launukan ramukan cikin wata ƙa'ida da suka kira PC 99: kore na fitar sauti ne, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigar da sauti daga wata na'ura. A rumfa mai duhu, mutum yana laluben bayan akwati da hannu, soka iyafis a shuɗi maimakon kore ba abin mamaki ba ne. Wasu sababbin faranta sun bar launi, ramukansu duka baƙaƙe ne, sai a karanta rubutun da ke gefensu. A tura bakin har sai ya zauna daram, domin farantin kwano da ke rufe bayan akwati, in bai hau daidai ba, yakan tare shi ya hana shi kaiwa ƙarshe.

Wannan gwaji yana raba gardama gida biyu. In baya ta yi magana gaba ta yi shiru, faranti lafiyarsa lau, direba ma haka, laifin yana tsakanin faranti da gaban akwati. In duka biyu sun yi shiru, kada a buɗe akwati tukuna, a koma ga Windows.

Sa'ad da sauti ya bi hoto

Wayar HDMI da ake haɗa monita da ita ba hoto kaɗai take ɗauka ba, har da sauti, haka ma 'yar'uwarta DisplayPort. Windows da aka ɗora sabo yakan ga monita ya ɗauke ta a matsayin lasifika, ya tura mata sautin duka. In monitar ba ta da lasifika a jikinta, kamar yawancin na hannu da ake sayarwa, sai sautin ya tafi inda babu mai jin sa. A nan babu abin da ya lalace ko kaɗan. A danna alamar lasifika da ke ƙasan allo ta hannun dama, a buɗe jerin ƙofofin fitar sauti. In sunan monita ne aka zaɓa, a mayar da zaɓin kan wanda ke ɗauke da sunan Realtek ko na iyafis. A kunna wani abu a lura da ɗan ma'aunin da ke motsi a shafin sauti: ƙofar da ma'auninta ke rawa, nan sautin yake zuwa.

A duba kuma mahaɗar ƙarfin murya, gama Windows yana ba kowace manhaja nata ma'aunin, yana yiwuwa a toshe bakin ɗaya sauran na magana.

Buɗe akwati

In bincike ya nuna gaban akwati ne, to, sai a buɗe. Amma da sharaɗi. A kashe na'ura, a zare wayar wuta daga soket, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar lantarki ta fita. Kada a kuskura a buɗe ƙaramin akwatin da ke raba wuta a ciki, gama yana riƙe caji mai iya kisa ko bayan an zare waya. Sa'an nan mutum ya taɓa ƙarfen akwati da hannu kafin ya taɓa faranti. Wannan ya fi zama wajibi da hunturu, sa'ad da iska ta bushe, jiki yake tara irin lantarkin nan da ke sa bargo ya yi tartsatsi da dare. Abin da bai kai mutum ya ji zafinsa ba ya isa ya kashe guntu.

Daga gaban akwati wasu wayoyi suke tasowa. Wadda ake nema tana da kai mai gurbi goma a layi biyu, ɗaya a toshe, an rubuta HD AUDIO a jikinsa. Mazauninta a faranti tsinkayen ƙarfe ne guda tara, galibi a ƙasa can kusurwar hagu, wajen bayan akwati. Kowane kamfani da sunan da yake sa wa wurin: ASUS yakan rubuta AAFP, Gigabyte F_AUDIO, MSI kuwa JAUD1. Saboda wurin lungu ne, kuma na'ura tana tashi lafiya ko ba a soka wannan waya ba, ita ce aka fi mantawa. Sau da yawa akan tarar da ita a naɗe bayan akwati da ɗaurinta na masana'anta.

Akwai tarko a nan. Mazaunin wayar USB ta gaba shi ma tsinke tara ne a layi biyu, kama ta yi kama. Bambancin yana wurin giɓi: a na sauti tsinke na 8 ne babu, watau giɓin bai kai ƙarshen layi ba, a na USB kuwa na 9 ne babu, a can bakin layi. An yi haka da gangan domin kada ɗaya ya shiga gurbin ɗaya. Duk kan da ya ƙi shiga da sauƙi, ba wurinsa ba ne. Mai ƙarfin hannu da ya danna da tsiya yakan lanƙwasa tsinke, ko ya aika wutar USB inda ba a nufe ta ba, daga nan ne fa ake samun mataccen faranti na gaskiya, kuma ba mai shagon da za a kama da laifi.

Wanda ya sa sabon faranti cikin tsohon akwati, abin da ake yawan yi don rage kashe kuɗi, yana da wani abin lura. Tsarin sauti na da, mai suna AC'97, kamfanin Intel ya fito da shi a 1997, sa'an nan ya maye gurbinsa da HD Audio a 2004. Kawunansu kamarsu ɗaya, suna shiga gurbi ɗaya, amma sabon yana da hanyar sanar da faranti cewa an soka iyafis, tsohon ba shi da ita. Saboda haka akwati mai AC'97 yakan bar faranti yana jiran labarin da ba zai taɓa zuwa ba. In wayar tana da kai biyu, a soka mai HD AUDIO a bar ɗayan. In AC'97 kaɗai gare ta, a shiga manhajar Realtek a kashe aikin gane soka iyafis a ramin gaba. Wasu faranta kuma suna da wurin zaɓar tsarin a cikin BIOS.

BIOS da direba

BIOS shi ne shafin saitin faranti, ana shigarsa da danna Del ko F2 da zarar an kunna na'ura. A cikinsa akwai layin da ke kunna sautin faranti ko kashe shi. A farantin hannu, mai shi na da yana iya kasancewa ya kashe. A kunna, a adana, a fita, kada a taɓa abin da ba a sani ba.

Game da direba, Windows yakan sa wani na gama-gari da kansa, wanda sau da yawa yake wadatarwa. In bai wadatar ba, za a ga alamar rawaya a jerin sassan na'ura, wurin da ake kira Device Manager. A karanta lambar faranti, tana rubuce ɓaro-ɓaro a jikinsa, a ɗauko direban wannan lamba daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. Ɗabi'ar yawo da filashi guda rumfa-rumfa ana zuba tarkacen direbobi ba ta da kyau, ta nan cutar kwamfuta take yaɗuwa. Mai gyaran da ya ƙware yakan ajiye filashi mai ɗauke da Linux, wanda ake iya tayar da na'ura da shi ba tare da an goge kome ba. In sauti ya fito a can, shaida ta tabbata cewa ƙarfe lafiya yake.

Gurnani da tsuwa

Wani lokaci sauti yana nan, amma da baƙo a tare da shi. In gurnani ne mai kauri wanda ba ya canzawa, daga wutar gida yake, wadda a Nijeriya take juyawa sau 50 cikin daƙiƙa. Sababinsa galibi rashin wayar ƙasa ne. Fulogin kwamfuta ƙafa uku gare shi, babbar ta sama ita ce mai zubar da ɓatacciyar wuta cikin ƙasa. A rumfunan da aka ja wuta da waya mai jijiya biyu, ko daga ƙaramin janareta, ko aka karya ƙafar nan don fulogi ya shiga soket, wutar ba ta da wurin zuwa sai jikin akwati. Shi ya sa wani akwatin yake ɗan cizon hannu. Wannan ya wuce batun daɗin sauraro, batun rai ne, balle da damina a rumfar kwano mai jiƙaƙƙen daɓe, ga waya ta taso daga akwatin zuwa kan mutum. A kira ƙwararren mai aikin lantarki ya kafa wayar ƙasa.

In kuwa tsuwa ce siririya mai canzawa sa'ad da aka motsa linzami ko hoto ya sauya, wayar gaban akwati ce take tsintar hayaniyar maƙwabtanta. A janye ta daga jikin katin hoto da manyan wayoyin wuta, ko a koma ramin baya. Ƙarar ƙasa-ƙasa da ke tashi in an juya baki cikin rami kuwa ƙura ce. A kashe na'ura a goge bakin da ƙyalle mai tsabta, a hure ramin da abin hura iska, ban da yawu, ban da allura.

Kunne ba shi da sifiya

Duk lokacin gwaji a rage murya ƙasa tukuna, a riƙe iyafis a hannu kusa da kunne, kada a cusa shi. Mai neman sauti yakan ƙure kowane ma'auni, ya manta, sa'ad da hanya ta buɗe kuwa sai ƙarar ta faɗo gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, yaro kuwa desibel 75, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Mai turi da ke wuni da iyafis yana ƙara murya don ya rinjayi janaretan maƙwabci yana cin wannan kaso da wuri. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Hedfon mai rufe kunne duka ya fi masa, domin yana tare hayaniyar waje, ba sai an ƙure murya ba.

In duk an bi an rasa

Idan iyafis mai rai ne, baya da gaba sun yi shiru, BIOS a kunne, direba daidai, Linux ma bai ji kome ba, to, a nan ne za a ce guntun sautin faranti ya mutu. Ko a nan ma ba lalle ne a sayi wani faranti ba. Akwai ɗan ƙaramin katin sauti mai kama da filashi da ake sokawa a ramin USB, yana da ramin kunne da na makirfo, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar na faranti ba.

Wanda ya fi son a musanya masa, yana da haƙƙi. Dokar 2018 da ta kafa Hukumar Tarayya mai Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, watau FCCPC, ta ba mai saye ikon mayar da kaya mai aibi domin a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Ya tafi da rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar faranti, da kwalinsa, da farantin ba tsinke ko ɗaya a lanƙwashe, ya kuma zayyana wa mai shago gwaje-gwajen da ya yi bi da bi. In ba su daidaita ba, shugabannin 'yan kasuwa na layinsu su ne matakin farko kafin a kai ƙara gaban hukumar.